Tarin Inna

Labbo ya zo shagona ranar Laraba
yana murza hula kamar mai neman bashi.
Ya ce, Kawu, kaset ɗin da ke ƙasan akwatin Inna,
wanda gara ta ci takardarsa,
ni na ɗauka.
Ka zo Asabar ka ji.

Na san kaset ɗin.
Ni na danna jan maɓalli a Bunza,
shekarar da ruwa ya ci gonar Mande.
Rikodar aro, batir huɗu,
Inna da Tumba da 'Yar Ige a kan turmi ɗaya,
taɓarya uku na sama suna tafa hannu,
kaji na jiran abin da zai faɗo.

Asabar na je.
Zaure ne bayan tasha a Birnin Kebbi,
fitilu ja da kore suna lasar bango.
Nomau ya soka wa kukumarsa waya a ciki
kamar marar lafiyan da ake wa ƙarin ruwa.
Sahura ta kifa ƙwarya cikin baho.
Labbo na bayan tebur, kunnuwa a rufe,
yana taɓa kwamfuta da ɗan yatsa ɗaya
kamar mai gwada zafin tukunya.

Sai taɓarya ta sauka.
Na gane ta, amma an yi mata ƙiba,
a haƙarƙarina take daka, ba a turmi ba.
Sai murya:
"Ruwa ya kawo ki, hannu ya hidda ki."
Ruwa ya kawo ki.
Ruwa ya kawo ki.
Ruwa, ruwa, ruwa.
Innar da ba ta faɗin magana sau biyu,
ta biyun muciya ce,
ga ta yau tana nanatawa don 'ya'yan wasu.

Daga nan tarin ya shigo.

Gajere ne, busasshe, sau biyu a jere.
A lokacin mun ce ƙaiƙayi ne.
Shekara uku bayan nan shi ya kai mu asibiti,
shi ya dawo da mu da tabarma a naɗe.
Labbo ya yanko shi ya dasa tsakanin dukan ganga,
duk inda kiɗa ya ja numfashi, Inna ta yi tari,
yara ɗari biyu su yi tsalle.

Na nemi inda wayar wuta ta bi.
Wallahi na nema.
Na kai hannu ke nan wata yarinya ta take mini ƙafa,
mai tabarau, hannunta bai taɓa yin kanta ba,
ido rufe tana rerawa,
tana cewa "fidda" inda Inna ta ce "hidda".
Na ji bakina yana gyara mata.

A waje, kusa da mai shayi, na tare shi.
Na ce, ka san abin da ka sa su rawa a kai?
Ya ce, na sani.
Ya ce, Kawu, ban san fuskarta ba, ko hoto ba ku ajiye ba.
Sau uku na goge tarin,
sai waƙar ta zama ta kowa.
In na mayar da shi, sai in ji mutum.

Ban ce masa komai ba.
Na karɓi kaset ɗina.
Ya haɗa mini da wani ɗan kati kamar farce,
wai duk tana ciki.

Ban ce na yafe ba.
Amma jiya ina ɗinkin wandon makaranta,
ƙafata a kan keke tana bin luguden,
na lura duk bayan taku takwas
ina ɗagawa kaɗan,
ina ba ta wuri.